Hutun Sallah a Sakkwato: Ina Baƙo Zai Ci Abinci?

Waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba, ga shi an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba.

Daga Dogon Daji nake magana da ku, nan ƙaramar hukumar Tambuwal, kan hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi Bodinga da Shagari ta wuce Jega. Maganar yau kuwa ta ciki ce. Wata 'yar'uwa daga Kebbe ta turo saƙo, ta ce ita da maigidanta da yara uku suna son yin hutun Sallah a birnin Sakkwato, su ziyarci Hubbaren Shehu, yara su ga gari. Ba su da dangi a can, masauki za su kama. Tambayarta ɗaya: a ina za su ci abinci mai kyau, wanda ba zai cinye musu guzuri ba, kuma ba zai kwantar musu da yara ba? Samari da yawa ma sun yi irin tambayar, wasu da abokai za su je, wasu da amarya.

To 'yar'uwa, ba zan lissafa miki sunayen gidajen abinci ba, kuma ga dalili. Wurin da na ci tuwo mai daɗi wata Talata ta yau da kullum, idan kika je ranar Sallah ƙila kwaɗo za ki tarar a ƙofa. Ko ki same shi a buɗe, amma mai girkin ta tafi garinsu, an bar yara biyu da tukunya. Suna yana nan, hannu ya tafi. Abin da zan ba ki shi ne yadda ake neman, wanda zai yi miki aiki ko Birnin Kebbi kika nufa, ko Gusau, ko Kano.

Abu na farko, ki san wace rana ce.

Hutun Sallah ba rana ɗaya ba ce, kuma ranakun ba halinsu ɗaya ba. Gwamnatin tarayya takan ba da kwana biyu, idan suka haɗu da Asabar da Lahadi sai hutun ya yi tsawo. Ku tuna Babbar Sallar 2025, ta faɗo Juma'a 6 ga Yuni, aka ba da Juma'ar da Litinin 9 ga wata, kwana huɗu cur. A irin wannan hutu, ranar farko ita ce mafi wuya ga baƙo. Da safe kowa na filin idi, Sarkin Musulmi da jama'arsa suna Fakon Idi. Ana saukowa kowa ya nufi gida. Mai tuwo uwa ce, tana da nata gidan da ke jiran ta. Mai shayi ɗan wani ƙauye ne, tun jajibiri ya hau mota. Kasuwa ma kusan a rufe take, don haka ko wanda ya buɗe, da kayan miyan jiya ko shekaranjiya yake aiki.

Rana ta biyu gari yakan fara motsi, musamman daga la'asar. Rana ta uku kuwa kusan komai ya dawo. Saboda haka idan kana da zaɓi, ka yi idinka a gida, ka ci tuwon Sallar mahaifiyarka, washegari ka kama hanya. Daga nan Dogon Daji tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Idan kuma dole ranar idi za ta same ku a birni, ku shigo da abincin ranar daga gida: soyayyen nama, dambun nama, cincin, burodi, abin da ba ya lalacewa da wuri. Ba ƙauyanci ba ne, wayo ne.

Abu na biyu, ka tambayi kanka: su wa ba sa hutu?

Wannan ita ce dabarar da ta fi yi mini aiki. Mai sayar da abinci yana buɗewa ne idan masu sayensa suna nan. To su wane ne Sallah ba ta sallama?

Direbobi. Tasha ba ta barci lokacin Sallah, lokacin ma take cika. Don haka a babbar tasha da kewayenta za ka samu tukunya a kan wuta, kuma abincin yana ƙarewa da sauri, ana sake ɗorawa.

Masu jinya da ma'aikatan lafiya. Ciwo bai san Sallah ba. Bakin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da bakin Asibitin Ƙwararru, da wuya ka rasa mai shayi da mai abinci.

Baƙin otal. Manyan otal irin su Giginya da Shukura suna da ɗakin cin abinci saboda masu kwana a wurinsu. Da tsada, babu musu, amma idan kana da yara ƙanana da rana ta yi zafi, wuri mai inuwa da banɗaki da ruwan wanke hannu shi ma wani abu ne da ake biya.

Sai 'yan uwanmu 'yan kudu, musamman waɗanda hutunsu na Kirsimeti ne. Wajen titin Emir Yahaya da Sahara, inda 'yan kasuwarsu suke da yawa, za ka samu masu sakwara da teba da miyar agushi. Ka shiga da sallama, ka tambayi irin naman cikin ladabi, za su gaya maka. Sun saba da tambayar, shekara da shekaru suna zaune da mu.

Ka juya maganar kuma. Wuraren da ke rayuwa da ɗalibai, kamar wajen jami'a can Dundaye, ko waɗanda ke rayuwa da ma'aikatan ofis, su ne farkon rufewa, don masu cin sun watse. Kar ka ɓata kuɗin keke zuwa can.

Abu na uku, waya.

Na san mu matasa, kafin mu tambayi mutum mun tambayi Google Maps. Ba laifi, yana taimakawa wajen sanin hanya. Amma ku lura da abu biyu. Lokacin buɗewa da rufewa da yake nuna maka, yawanci na ranakun yau da kullum ne, sai idan mai wurin ya shiga ya gyara saboda hutu, kuma ba kowa ke yi ba. Sannan taurari biyar daga mutum uku ba shaida ba ce, ƙila mai wurin ne da ƙaninsa da abokin ƙanin. Ka duba mutum nawa suka yi magana, kuma yaushe. Idan akwai lamba, ka kira: kun buɗe yau? Me kuka dafa? Kira na minti ɗaya ya fi yawon awa ɗaya cikin ranar Sakkwato.

Bidiyon TikTok da Instagram kuwa, ku tuna mai ɗaukar sau da yawa gayyatarsa aka yi, farantinsa daban aka zuba. Ba na cewa ƙarya yake. Ina cewa naman da ka gani a farantinsa ba lallai ya biyo ka ba.

Mafi yawan hannayen da suka iya girki a garin nan ba su cikin waya ko kaɗan. Ba allo, ba suna, sai benci da labule. Waɗannan da baki ake samun su.

Wa za ka tambaya? Ɗan kabu-kabu, mai keke, mai POS, maigadin masaukinka, ladanin masallacin unguwa. Amma yadda ka yi tambayar shi ne komai. Idan ka ce, "Ina ne gidan abinci mai kyau?" zai dubi shaddarka da hularka, ya kai ka inda yake ganin masu kuɗi suna shiga, wurin da shi bai taɓa ɗanɗana ko ruwansa ba. Ka ce masa, "Malam, kai yau ina ka ci?" Nan gaskiya take fitowa.

Na taɓa yi wa wani ɗan kabu-kabu wannan tambayar da safiyar rana ta biyu ta Ƙaramar Sallah. Ya yi dariya ya ce, "Wurin da munka saba ba na manya ba na, ƙasa aka zama." Na ce mu tafi. Ya shiga da ni wani lungu cikin tsohon gari, wajen wata dattijuwa mai masa. Tanda na kan wuta, mutum kusan goma na tsaye kowa da kwanonsa, har da yaran maƙwabta da aka aiko. Na ce, "Inna, ina kwana, barka da Sallah." Ta ce, "Lahiya lau ɗana, ta nawa?" Masar daga tanda take zuwa hannu, miyar taushe na tururi. Abin da na biya bai kai kuɗin lemon kwalba biyu ba. Abin lura a nan, yaran maƙwabtan nan. Ranar Sallah kowane gida da girkinsa, amma duk da haka an aiko saye. Matan unguwa ba sa aika yaro wurin ƙazama.

Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka ambaci wuri ɗaya, to ka samu.

Abu na huɗu, kafin ka zauna, ka buɗe ido.

Nan ne maganar ta zama ta lafiya, kuma 'yar'uwa mai yara uku, nan nake son ki fi saurara. Sallah tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara, kuma a 'yan shekarun nan cikin zafi take faɗowa. Ƙaramar Sallar 2024 ta zo 10 ga Afrilu, ta 2025 ta zo 30 ga Maris. A watannin nan zafin Sakkwato yakan haura digiri 40. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a firji ba. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60. Wato abinci mai ɗumi-ɗumi, wanda bai yi zafi ba bai yi sanyi ba, shi ne gidansu. Shinkafar da aka dafa da hantsi aka zuba a kula, ana buɗewa ana rufewa har la'asar, ta shiga wannan layin. Kuma ba dole ta yi wari ba kafin ta yi ɓarna.

Don haka ga abin da nake dubawa.

Ina duba wuta. Ina son in ga inda ake dafawa, ko aƙalla in ga tururi na tashi idan an buɗe tukunya.

Ina duba jama'a. Wurin da ake layi, abinci ba ya kwana. Wurin da ka shiga ƙarfe biyu na rana ka tarar kai kaɗai ne, ga kuloli cike, ka tambayi kanka tun yaushe suke nan.

Ina duba ruwan wanke kwano. Ka ɗan leƙa gefe. Idan baho ɗaya ne tun safe, ruwan ya koma kalar miya, to ka yi sallama ka wuce. Ba sai ka faɗi magana ba.

Ina duba hannun da ke karɓar kuɗi, shi ne ke yanka nama? Idan mutum biyu ne, alhamdulillahi.

Ina kuma duba yawan kalolin abinci. Ranar da kasuwa ke rufe, wanda ya ce maka yana da kala goma sha biyar, daga ina ya samo? Na fi yarda da wadda za ta ce, "Yau tuwon shinkafa kawai gare mu, da miyar kuka da ta sure." Sure shi ne yakuwa, ga mutanen Kano da ke saurare. Idan kun ji guro kuɓewa ake nufi, tonka kuma barkono. Ku riƙe, kar a tambaye ku ku tsaya kallon mutane.

Ga yara, a guji haɗin kabeji da mayonis da ya jima a waje, da yankakken kankana da ke tire cikin rana. Ruwa a sayi na leda ko na gora mai lambar NAFDAC, a duba ba a huda ba. Ƙanƙarar da ake jefawa cikin zoɓo da kunun aya, ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba. Gara wanda aka sanyaya cikin gorarsa a rufe.

Abu na biyar, kowace Sallah da abincinta.

A Ƙaramar Sallah mutane sun fito daga azumi, ana neman masa, tuwo, shinkafa da kaji. Masu tsire da balangu suna fitowa da yamma, kuma kasuwarsu na ci. Ka tsaya inda ake gasawa a gabanka, ka nuna yankan da kake so, a mayar da shi wuta ya yi zafi sosai kafin a naɗe. Sakkwato gari ne da ake yanka raƙumi, don haka idan ba ka saba da namansa ba, ko kuma shi kake marmari, tambaya za ka yi. Mahauci ba ya jin haushin wannan.

Babbar Sallah kuwa labarin daban ne. Ranar layya a Sakkwato za ka ga tareni: an feɗe raguna, an baje su a jikin itace, an jera kewaye da wuta a ƙofar gida, suna gasuwa a hankali har dare. Washegari ake sassarawa a rarraba. Ka ga a irin wannan rana wa zai sayi tsire? Kowane gida nama ne. Mahautan ma suna can suna aikin fiɗa gida-gida. To idan ka ga tsire jibge a tire ranar layya, ba mai saye, ka yi tunani sau biyu. A wannan Sallar abin da baƙo zai nema a waje shi ne tuwo da shinkafa da hura. Nama kuwa, in sha Allahu shi zai neme ka.

Maganar hura, wato fura. Mu nan ba ma wasa da ita. Amma ku tuna matan Fulani masu kawo nono su ma Sallah suke, don haka nono mai kyau yakan yi wuya kwana ɗaya ko biyu. Lokacin ne ake samun wanda aka tsinka da ruwa aka ɗaure da garin kuka, ko na madarar gari. Ka ce a ɗan zuba maka a ludayi ka ɗanɗana kafin a dama. Mai nono na gaskiya da kanta za ta miƙo.

Kilishi kuma, na tsaraba, a bar shi sai ranar komawa. A karya a gani, ya bushe har ciki, ba warin tsohon mai. A ɗanɗana daga wanda za a naɗe maka, ba daga wanda aka ajiye don ɗanɗano ba.

Abu na shida, kuɗi.

Tambayar farashi kafin a zuba ba abin kunya ba ne. Na san halinmu, musamman saurayi idan yana tare da amarya ko da abokai, sai ya ji nauyi ya ce nawa ne. Ɗan uwa, kunyar minti ɗaya ta fi ta tsayuwa gaban mai kuɗi kana laluben aljihu. Ka tambayi faranti nawa, nama nawa, lemo nawa. Sau da yawa ba abincin ke da tsada ba, nama da abin sha ne ke ninka lissafi. Kuma lokacin Sallah kaya na tashi, tumatur, tattasai, kaji, har kuɗin keke. Idan an ƙara maka kaɗan, ba lallai don an ga baƙo ba ne.

Ga yadda nake raba nawa. Kuɗin motar komawa gida, na cire shi tun farko na sa a wani aljihu, wannan ba na abinci ba ne ko me aka soya. Sauran na raba bisa kwanaki. A kowace rana ci ɗaya ne mai nauyi. Safe masa ko ƙosai da kunu, rana hura, dare a zauna a ci na sosai. Idan kuna son kai yara wuri mai sanyi da kujeru su ɗauki hoto, ku ware masa rana ɗaya, ku san kun yi don nishaɗi ne.

Ku riƙe tsabar kuɗi, da canji ƙanana. Bankuna a rufe suke, na'urar cirar kuɗi takan ƙare, tiransifa takan maƙale saboda cunkoso. Inna mai masa ba ta da lokacin jiran alat, tanda na ƙonewa.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci a wurina.

'Yar'uwa ta ce ba su da kowa a Sakkwato. Ki sake tunani. Daga Kebbe, daga Tambuwal, daga Dogon Daji, daga Sanyinna, akwai gidan da bai da ɗa ko jika ko tsohon maƙwabci a Mabera, ko Arkilla, ko Runjin Sambo, ko Gidan Igwai? Abokin makarantar maigidanki fa? Malamin da ya taɓa koyarwa a garinku? Ranar Sallah abincin da ya fi kowanne daɗi a birnin nan ba na sayarwa ba ne. Yana cikin gidaje, ana zubawa a kwanuka, yara na kai wa maƙwabta. Dalilin da ya sa gidajen abinci ke rufewa ke nan, garin gaba ɗaya ya koma ciyar da juna.

Ki kira tun kafin ku taso, kar ku faɗo wa mutane kwatsam. Ku riƙo 'yar tsaraba daga gida, albasa ce, gero ne, man shanu ne, ku tanadi barka da Sallah ta yaran gidan. Ku gaisa, ku ci, kar ku daɗe, don wasu baƙin na tafe. Kun ci mai kyau, kun sada zumunci, yaranku sun san wata ƙofa a birni da za su iya ƙwanƙwasawa gobe idan karatu ya kawo su. Zumunta a ƙafa take.

Kuma mu da ke gida, idan Allah ya kawo mana baƙo ranar Sallah, direba ne motarsa ta lalace a bakin titi, ɗan bautar ƙasa ne da bai samu tafiya ba, a miƙa masa kwano. Yadda muke so a yi wa namu a can.

Masu komawa, a kama hanya da sauran rana, kar a bari duhu ya yi. Direbobi a rage gudu, titin nan ya ci mutane da yawa lokacin bukukuwa.

Nan zan tsaya. Wanda ya san wata mai tuwo ko mai masa da ke buɗewa ranar Sallah a unguwarsu, ya faɗa mana unguwar da lokacin da take sauke tukunya, baƙi su amfana. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya karɓi ibadunmu, ya sa a je lafiya a dawo lafiya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.